Kwana biyu a hamadar Kalifoniya: Joshua Tree ko Death Valley?

Wani ɗan'uwa mazaunin Los Angeles ya aiko da tambaya. Su biyar ne, abokan juna, suna so su tashi ranar Juma'a bayan an tashi daga aiki, su kwana a tanti cikin hamada, su yi tafiyar ƙasa su hau duwatsu, su dawo gida daren Lahadi. Burinsu su haɗa gandun daji biyu a tafiya ɗaya, Joshua Tree da Death Valley. Babu wanda ya taɓa kwana a tanti a cikinsu. Yana tambaya ko hakan zai yiwu, wane lokaci ya fi dacewa, kuma me za su ɗauka.

Ɗan'uwa, taura biyu ba ta taunuwa. Ku ɗauki ɗaya, kuma tunda wannan ne fitarku ta farko, ku ɗauki Joshua Tree. Daga Los Angeles zuwa ƙofarsa ta yamma kimanin kilomita 220 ne, awa biyu da rabi zuwa uku idan hanya ta yi kyau, amma da yammacin Juma'a babbar hanyar I-10 kan cushe har ta cinye muku awa huɗu ko fiye. Death Valley kuwa ya fi awa huɗu daga Los Angeles, tsakanin gandun biyu ma akwai wata tafiyar kusan awa biyar. Shi kansa Death Valley eka miliyan 3.4 ne, babu gandun ƙasa da ya kai shi faɗi a Amurka in aka cire na Alaska, daga wannan wurin kallo zuwa wancan sai ka yi awa guda kana tuƙi. Idan kuka haɗa su biyun, za ku dawo da hotuna ta tagar mota da ciwon baya, ƙafarku ba ta taka hamada ba.

Wata kuwa shi ne abin da ya fi komai nauyi a wannan shiri. Joshua Tree ya fi daɗi daga Oktoba zuwa Nuwamba, sai kuma Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin rana kan tsaya wajen digiri 29 a ma'aunin Selshiyas, dare kuma ya sauko wajen 10. Daga Yuni zuwa Satumba rana takan wuce 38, ban ba sabon shiga shawarar zuwa ba ko kaɗan. A Disamba da Janairu rana lafiya lau, amma dare yakan kai inda ruwa ke ƙanƙara, wani lokacin har dusar ƙanƙara ta sauka a kan tudu. Dalilin shi ne tsayin wurin. Hamada biyu ce ta haɗu a gandun: Mojave ta yamma wadda ke kan tudu, inda itatuwan Joshua suke, da Colorado ta gabas da kudu wadda ke ƙasa-ƙasa. Zangon Jumbo Rocks yana sama da teku da wajen mita 1,340, Cottonwood kuma wajen mita 900. Duk mita dubu da ka hau, zafi kan ragu da kamar digiri shida. Saboda haka in za ku je cikin sanyi, ku nemi Cottonwood. In kuma zafi ya fara shigowa, ku nemi na kan tudu.

Wurin kwana ku fara nema tun kafin ku tsayar da rana. Yawancin zangunan gandun, kamar Jumbo Rocks da Ryan da Indian Cove da Black Rock da Cottonwood, ta shafin recreation.gov ake kama su, ana buɗewa tun saura wata shida, kuma ranakun Juma'a da Asabar na lokacin daɗi da wuri suke ƙarewa. Hidden Valley na wanda ya riga zuwa ne, kada ku sa rai da shi a daren Juma'a. Kowane fili mutum shida aka yarda, tanti uku, mota biyu, ku biyar kun shiga. Kuɗin shiga gandun dala 30 ne kowace mota na kwana bakwai, ban da kuɗin zango. In kuka rasa wuri, akwai filayen gwamnati a wajen gandun, ta arewa da ta kudu, waɗanda hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya (BLM) ke kula da su, ana kwana kyauta, sai dai babu bayan gida, babu ruwa, babu komai sai fili da iska.

Yanzu ga maganar ruwa, kuma a nan zan daɗe, don shi ne zai faɗa muku nisan da za ku iya zuwa. A tsakiyar gandun babu famfo. Jumbo Rocks babu ruwa, Ryan babu, Hidden Valley babu. Black Rock da Cottonwood ne ke da shi, sai wasu wurare a bakin ƙofofin shiga. Hukumar gandun ta ce kowane mutum ya tanadi aƙalla galan ɗaya a rana, kusan lita huɗu ke nan, mai tafiyar ƙasa kuma galan biyu. Ku yi lissafi: mutum biyar, kwana biyu, lita huɗu-huɗu, lita 40 ke nan ta mai zaman inuwa kawai. Ku da za ku hau dutse, ku dafa abinci, ku wanke hannu da kwano, ku kashe wuta da dare, kada ku shiga da ƙasa da lita 70 zuwa 80. Kowace lita kilo guda ce, ga tantuna, ga kula, ga mutum biyar. Mota ɗaya ƙarama ba za ta ɗauke ku ba. Ku tafi da biyu, in ɗaya ta ƙi tashi a inda babu sabis ga ɗayar. Kuma kada ku zuba ruwan duka a jarka guda, ku rarraba shi, don murfi yakan kwance a bayan mota ba wanda ya sani sai an isa.

Abin da ke yaudarar mutane a hamada shi ne rashin ganin gumi. Iskar busasshiya ce ƙwarai, gumi na fitowa yana bushewa nan take, riga ba ta jiƙewa, mutum ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Sai da yamma ya ga wani farin zane na gishiri a kafaɗar rigarsa inda igiyar jaka ta kwanta, da kuma gefen hularsa. Wannan gishirin daga jikinsa ya fita. Don haka ruwa kaɗai bai isa ba. Wanda ya yi ta ɗurawa cikinsa ruwa zalla bai ci komai ba, gishirin jininsa yakan yi ƙasa, ya kama ciwon kai da tashin zuciya da jiri, abokansa su zaci ƙishirwa ce su ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. A riƙa sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, ana haɗawa da abin tauna mai gishiri, a kuma sa ƴan ƙullin garin gishiri da sukari na ORS a jaka. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari. In ya yi ja-ja kuma kaɗan, ko an yi awa huɗu ba a ji shi ba, an riga an yi baya.

Ƙa'idar da nake so ku yi alkawari a kanta tun a mota ita ce wannan: da zarar ruwan mutum ɗaya a cikinku ya kai rabi, kowa ya juya. Ruwan wanda ya fi kowa sha ake dubawa, ba na wanda ya fi kowa juriya ba. Ko ƙololuwar dutsen tana gabanku kuna hangen mutane a kai, a juya. A tafiyar abokai haɗarin ba daga hamada yake fara zuwa ba, daga kunya yake zuwa. Akwai wanda zai gaji tun a rabin hanya amma ba zai faɗa ba, kada a ce shi ne rago, akwai kuma mai ƙarfin da zai yi gaba yana kiran saura kaɗan. Ku sa mai sanyin tafiya a gaba, mai ƙarfi a can baya. Ku naɗa mutum ɗaya mai riƙe da agogo, in ya ce lokaci ya yi ba gardama. Kuma ku riƙa jan juna da hira, don mai yawan surutu in ya yi tsit, ko ya fara amsa abin da ba a tambaye shi ba, ko tafiyarsa ta koma tangaɗi, ba gajiya ba ce kawai. Wanda zafi ya galabaitar amma hankalinsa na nan, a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a jiƙa masa riga, a ba shi ruwa da gishiri a hankali, tafiyar ranar ta ƙare. Wanda kuwa hankalinsa ya fara gushewa, jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne mai kisa. A sheƙa masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a kira lambar gaggawa ta 911 ba tare da jira ba, kada a ɗura wa wanda bai san inda yake ba ruwa a baki.

Kiran kansa sai an shirya masa, domin sabis ɗin waya a cikin gandun kusan babu. Ku sauke taswirar wurin a wayoyinku tun kuna gida, manhajar hukumar gandun dajin Amurka tana ba da damar haka, sannan ku karɓi ta takarda a ƙofa. Wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam, ku koyi yadda ake yi kafin ranar. Akwai kuma wayar gaggawa a wurin ajiye motoci na Intersection Rock, kusa da zangon Hidden Valley. Sannan ku bar wa wani a gari bayani a rubuce: sunan zango, hanyoyin da za ku bi, lambar mota, da lokacin da in bai ji ku ba zai sanar da hukuma. In mutum ya ɓace, ya tsaya inda yake ya nemi inuwa. Duwatsun wurin kamarsu ɗaya, musamman yankin da ake kira Wonderland of Rocks, kuma hanya takan bi ta cikin busasshen rafi ta fita ta gefe ba alama, mai sauri ya miƙe cikin yashi yana ganin sawun wasu da su ma ɓata suka yi.

Sanyin dare kuwa shi ne abin da sababbi ba sa yarda da shi sai sun ɗanɗana. Babu gajimare, babu laima a iska da za ta riƙe zafin yini, rana na faɗuwa ƙasa ta saki zafinta gaba ɗaya. Tsakanin azahar da asuba ana iya samun bambancin digiri 20. Kowa ya samu jakar barci mai kauri, da shimfiɗar soso ko ta iska a ƙarƙashinsa, don ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Hular sanyi, safa mai kauri, rigar da ke tare iska. Da rana kuma riga mai dogon hannu marar nauyi da malafa sun fi singileti amfani. Tantin nan, ku kafa shi sau ɗaya a gida kafin tafiya, domin da wuya ku isa ranar Juma'a da sauran haske, a watan Disamba ma tun kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi. Ku riƙe guduma da turaku masu ƙarfi, ƙasar tana da tauri, iskar wurin kuma takan taso da tsakar dare ta ɗauke tantin da ba a ɗaure ba. Kowa da tocilarsa ta goshi.

Ga yadda zan raba muku Asabar. Ku tashi da asuba, ku kama hanyar Ryan Mountain rana na fitowa. Kilomita biyar ce zuwa da dawowa, hawan wajen mita 300, yawancinsa matakalar dutse, babu inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya, ƙololuwar tana kan mita 1,660 da ɗoriya. Awa biyu zuwa uku ta ishe ku, ku sauko kafin rana ta take. Tsakar rana ta zango ce, a ci abinci a miƙe ƙafa a inuwar dutse. In la'asar ta yi, ku zaga Hidden Valley ko Barker Dam, kowanne bai kai kilomita biyu ba, ƙasa a shimfiɗe. Faɗuwar rana ku yi ta a Keys View, inda ake hango kwarin Coachella da tafkin Salton da layin tsagewar ƙasa na San Andreas, amma ku je da wuri don wurin ajiye mota kan cika. Dare kuma na taurari ne. Tun 2017 aka sa gandun cikin wuraren da ake kare duhun samaniyarsu, in kuna da zaɓi ku daidaita tafiyar da ƙarshen watan sama ko farkon tsayuwarsa, lokacin da babu farin wata. Ku kashe tocila ku ba idonku minti ashirin.

Za ku ga manyan duwatsu jibge a kan juna ko'ina, kuma na san sai ɗayanku ya hau. Ba laifi, amma hawa ya fi sauka sauƙi nesa ba kusa ba. Dutsen yana da kaushi, takalmi na kama shi, mutum ya yi ta sama yana jin daɗi, sai ya waiwaya ya rasa inda ya sa ƙafa. Duk inda ba ka ga yadda za ka sauko ba, kada ka hau. A ganina wannan ya fi maciji zama abin tsoro a wurin. Macizai masu kaɗa wutsiya suna nan, sun fi fitowa in gari ya yi ɗumi, amma ba sa bin mutum. Kada a sa hannu ko ƙafa inda ido bai gani ba, in an ji kacau-kacau a tsaya a gano inda yake a ja da baya. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da igiya, a cire zobe da agogo a nufi asibiti. Takalmi kuma a kakkaɓe shi da safe saboda kunama.

Lahadi da sassafe ku naɗe kaya ku bi hanyar kudu, ku tsaya a Cholla Cactus Garden, wani fili cike da murtsunguwa iri ɗaya da hasken safiya ke sa ƙayarta ƙyalli. Daga nesa kamar gashi mai laushi. Kowace ƙaya tana da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya, gaɓar kuma da ɗan taɓi take ɓallewa ta maƙale a wando ko a ƙwauri. Wanda ya kai hannu zai cire, ta koma hannun. Matajin kai ake zurawa tsakanin fata da gaɓar a fizge da sauri, a tabbatar babu kowa a gaba, sannan a bi sauran ƙayoyin da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Takalmi rufaffe kawai a wurin nan. Daga can ku miƙe ta Cottonwood ku faɗa I-10. Babu gidan mai a cikin gandun, ku cika tanki a garin Yucca Valley ko Twentynine Palms tun shigowa. Wanda zai yi tuƙin komawa a bar shi ya yi barci sosai daren Asabar.

Akwai dokokin da ake cin tara a kansu. Ba a tsintar itace a gandun, ko busasshe ne, a waje ake saye, kuma a cikin murhun ƙarfen da aka tanada kawai ake hura wuta, wani lokacin ma a hana gaba ɗaya. A kashe ta da ruwa har sai an iya taɓa tokar. Itacen Joshua ƴan santimita kaɗan yake ƙaruwa a shekara, kuma ciyawar da aka shigo da ita daga wasu ƙasashe ta cike tsakanin itatuwan, ita ke kai wuta daga wannan zuwa wancan. A watan Agustan 2020 tsawa ta tayar da gobara a Cima Dome, cikin hamadar Mojave arewa da gandun, ta ƙone itatuwan Joshua sama da miliyan ɗaya. Ba a ɗaura igiya ko lilo a jikinsu. Kare ba ya bin hanyoyin tafiyar ƙasa. In kun ci karo da kunkurun hamada kada ku ɗaga shi, domin a mafitsararsa yake ajiye ruwan da zai kai shi watanni, in ya tsorata ya zubar, kuma ba lallai ya samu wani ba kafin ruwan sama. Abinci a rufe cikin mota, shara kuma ku fita da abarku.

Death Valley ku ajiye shi sai kun sami kwana uku ko huɗu, tsakanin Nuwamba da Maris. Badwater, wuri mafi zurfi a Arewacin Amurka, yana ƙasa da teku da mita 86, kuma a Furnace Creek, cikin gandun, aka auna zafin digiri 56.7 ranar 10 ga Yulin 1913. Da zafi hukumar gandun kanta cewa take kada a yi tafiyar ƙasa a kwarin bayan ƙarfe goma na safe. Abin da mutane ba sa kawowa a rai shi ne ambaliya. Ruwan saman wurin na shekara guda bai wuce milimita 50 da ƴan kai ba, amma ƙasar ba ta shan ruwa, in aka yi shi a kan duwatsu can nesa sai ya taru ya gangaro ta cikin kwazazzabai da laka da duwatsu, alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba. Ranar 5 ga Agustan 2022 irin wannan ta rufe hanyoyin gandun da mutum kusan dubu a ciki. A Agustan 2023 ragowar guguwar Hilary ta sauke ruwan da ya fi na shekara a yini ɗaya, aka rufe gandun kusan wata biyu. Kada a kafa tanti a busasshen rafi duk laushin yashinsa, kuma in akwai hadari ko a nesa ne, kada a shiga matsattsen kwari irin Golden Canyon. Wannan ya shafi Joshua Tree ma.

In kun tashi zuwa, ku kama wuri a zangon Furnace Creek, ana yin rajistarsa daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu, akwai ruwa, akwai gidan mai kusa. Zabriskie Point da fitowar rana, Badwater da hantsi, tudun yashin Mesquite Flat da yamma, duk a kan kwalta suke. Racetrack Playa, inda duwatsu ke barin sawu a kan busasshiyar laka, za a yi ta kwaɗaita muku shi, amma hanyar burji ce ta fiye da kilomita 40 mai tsakuwa masu kaifi da ke yanka taya, ba ta ƙaramar mota ba ce, kuma yawancin kamfanonin hayar mota ba sa ɗaukar nauyin abin da ya faru a wajen kwalta. In mota ta lalace muku ko'ina a can, ku zauna tare da ita ku yi inuwa, kada kowa ya kama hanya da ƙafa neman taimako, domin masu ceto sun fi saurin hango mota a kan mutum.